Arba'in da Ɗaya

Misis Kowalski ta baje takarduna a kan tebur
kamar mai awon hatsi ranar kasuwa.
Shekara biyu a Kazaure, ɗaya da rabi a ƙaramar kwalejin nan Toledo,
kiredit saba'in da shida na zo da su cikin jaka.
Ta gyara tabarau, ta bi layi-layi da bakin biro:
wannan mun karɓa, wannan ba mu san shi ba,
wannan kuma ya tsufa.
Sai ranar na ji cewa ilimi na yin furfura.
Lissafin da Malam Tanimu ya koya mana da guntun alli,
fanka a tsaye, gumi na ɗiga kan littafi,
zane ɗaya aka yi masa, ya faɗi.
Arba'in da ɗaya suka tsira.
Na ce na gode. To me zan ce?
Baƙo ba ya gardama da mudun gari.

Ajina ba shi da ƙofa.
Teburin kicin ne, gefen firji mai gurnani,
ƙafarsa ɗaya gajera, na tokare ta da kwalin shayi.
Sha ɗayan dare nake dawowa daga gidan kula da tsofaffi,
hannuna na ƙamshin sabulun asibiti,
in buɗe kwamfutar da Nusaiba ta gaji da ita.
Malamin ƙididdiga, muryarsa kawai na sani.
Nakan tsayar da shi tsakiyar magana in juya miya,
in mayar da shi baya sau huɗu,
bai taɓa yi mini tsaki ba.

'Yan ajinmu sunaye ne a jere:
wani soja a Alaska,
wata direbar tirela mai aiko da aikinta daga gidan mai.
Mun yi aikin rukuni, mun yi faɗa, mun shirya,
ban san tsawon kowa ba.

Daren jarrabawa aka ce in zagaya ɗaki da kyamara.
Ta ga tukunya, ta ga darduma, ta ga bashin wuta manne a firji.
Nusaiba ta ji ƙishirwa, ta rarrafo ta ƙarƙashin tebur
kada a ce uwarta na satar amsa.
Na danne dariya har hawaye ya ɓata mini tambaya ta bakwai.

A ɗaki na tara akwai tsohuwa Loretta,
malamar firamare ce a da, yanzu sunan ɗanta ma ɓace mata yake.
Amma kullum na shigo da magani sai ta ce,
Marwanatu, kin yi aikin gida?
Takan riƙe mini katunan bita a kife, tana yi mini tambaya,
na amsa daidai ko kuskure, ta ce da kyau.
Saura zango ɗaya aka naɗe katifarta.
Na gyara gadon da hannuna,
na koma gida na rubuta shafi goma sha biyu.

Ba a yi kiɗa ba, ba wanda ya kira sunana a lasifika.
Ranar Talata, ana yayyafi,
mai kawo wasiƙa ya jingina ambulan a bakin ƙofa,
an rubuta kar a lanƙwasa, gefe ɗaya ya jiƙe.
Na shanya digirina a kan firji, na danne shi da gwangwanin madara.
Ɗari da ashirin cif, in ji su.
Ni kuwa na san ɗari da hamsin da biyar ne.

Daren nan Nusaiba ta turo mini littafinta,
wani lissafi ya ƙi ta tun la'asar.
Na ja kujera, teburin ya girgiɗa.
Na ce ba ni fensir, ki gani,
haka Malam Tanimu yake yi.