Baƙuwar Taga

Shekara arba'in da ɗoriya ina noman gero a Majiya,
ban taɓa tambayar shuka ko rana ta dame ta ba.
Sai ga Barira ta zo hutu daga Dutse
rungume da gwangwanin madara,
a ciki wata 'yar aba mai ganye bakwai,
kowanne a kewaye kamar bakin ludayi,
da ɗigo a tsakiya sai ka ce cibiya.

Na ce, me take haifa?
Ta ce, ba komai, Baba.
Ana miya da ita? A'a.
Magani fa?
Ta yi dariya har da riƙe ciki,
ta ɗora ta a tagar gabas, ta koma makaranta.

Manomi bai iya wata ƙauna ba sai ta ruwa.
Safe buta, yamma buta,
ragowar na alwala ma ita nake juye wa.
Kwana tara, ganyen ƙasa ya yi ruwan ɗorawa,
ya saki wuya, ya faɗo kan tabarma.
Na ce kewar rana ce.
Na fitar da ita gindin turmi da azahar,
kafin la'asar wani ya ƙone kamar an goga masa garwashi,
akuyar Sallau kuma ta zo wucewa ta yi bisimilla da ɗaya.

Saura huɗu.

A waya Barira ba ta ce yaya gwiwa ba,
cewa ta yi, ka huda gindin?
Na yi shiru.
Na shiga ɗakin uwarta, wanda na daɗe ban buɗe ba,
na ɗauko kaskon nan da ya tsage a baki,
na huda shi da ƙusa a hankali,
na zuba yashin rafi da tsohon taki wanda ya huce.

Yanzu yatsa nake nutsawa zuwa gaɓar farko.
In da danshi, in kama gabana.
In ya fito a bushe, kofi ɗaya,
in tsaya har sai ya ɗiga ta ƙasa.
Ban san hana ruwa ma aiki ba ne
sai da furfura ta gama cinye ni.

Halin mutane gare ta,
inda haske yake, can take karkata.
Duk Juma'a kafin in fita masallaci
sai in ɗan juya kaskon
don kada ta yi doro irin nawa.
Ranar sussuka kuma, da jiƙaƙƙen tsumma
nake bin ganyen ɗaya bayan ɗaya.

Sallau ya leƙo ya ce, tsufa ya zo da wasa,
mai dami ɗari ya koma renon ganye.
Ban tanka ba.
Gwiwar da ta hana ni ta da kunya a gona
ita ta cire mini kunya a ɗaki.

Da damina ta ja kaya
sai ga biyu sun ɓullo daga ƙasa a gefenta,
ganyensu bai kai anini ba.
Ashe tana haihuwa, Barira!
Na bari suka kai tsawon yatsa,
na raba ɗaya da uwar da bakin aska,
na tsoma a kofin shayi
har saiwa ta fito fara fat kamar gemuna.

Ran nan Sallau ya zo, ya daɗe yana zancen farashin taki,
can ya ce wai jikarsa ce take so.
Na ba shi.
Na ce, ka ɗaure akuyarka,
kuma kada ka so ta da yawa.

Jiya da hantsi na hango shi ta saman danga,
a durƙushe bakin taga,
yatsansa cikin ƙasa har gaɓar farko,
buta a gefe, cike,
bai zuba ba.