Tambaya Biyu a Shafi na Arba'in

A Valdivia ruwan sama ba ya neman izini.
Kwana tara yana dukan rufin ofis,
Rayen Antilef na zaune, shayinta ya huce,
tana rubuta littafin gyaran injin jirgin fito.

Ba ta rubuta "duba shafi na sha biyu."
Lamba ba ta da amana, gobe sai ta ƙaura.
Suna take raɗa wa sashe a ɓoye,
wanda mai karatu ba zai taɓa gani ba,
ta ɗaure shi a gindin kanu
kamar kwalekwale a turke.
Can gaba, bayan babi huɗu,
ta kira sunan.

Zagayen farko na'ura baƙuwa ce,
tana tafe tana tsintar sunaye,
inda aka yi kira ta ajiye alamar tambaya biyu.
Sai a zagaye na biyu
kira ya tarar da mai suna:
sashe na bakwai, shafi na hamsin da uku.

Yau kuwa sau uku ta maimaita,
tambayoyin sun ƙi tashi daga shafi na arba'in.
Ta bi sawu.
Sashen bawul ɗin ruwan sanyi ne,
na tsoho Evaristo, da ya ajiye aiki bara.
Wani ya share shi ranar Talata,
ya bar kira yana ta sallama a ƙofar kango.

Ta ɗaga waya.
Ya amsa a bugu na shida, yana tari:
"Wane bawul? Na hagu ko na dama?"