Wata Ni a Antofagasta

Akwai wata ni a Antofagasta,
garin da ban taɓa taka ƙasarsa ba.
Sunanta sunana, Herminia Quilodrán,
shekarunta sittin ba biyu, kamar nawa.
Ta ci bashin peso miliyan huɗu ran wata Talata,
ni kuwa a Talatar ina Valparaíso
ina feɗe kifi, hannuna duk ƙarni,
ina korar tsuntsayen teku daga kan tebur.

Takardar banki ce ta hawo matakalar gidanmu,
taki ɗari da goma sha ɗaya,
ta same ni da wuƙa a hannu.
Na karanta sau uku. Na nemi wuri na zauna.

Maite jikata ta karɓi wayar.
Ta ce, Kaka, ba wanda ya fasa miki ƙofa.
Ta riƙa ja da ɗan yatsa
tana zagayawa da ni cikin rayuwata, ɗaki bayan ɗaki.

Ga kek ɗin ranar haihuwata, an rubuta kwanan watan da sukari.
Ga ni na ɗaga sabon katin shaida ina dariya
don a ga hoton ya yi kyau karon farko,
lambobin ƙasansa fes, kamar an wanke su.
Ga ƙofarmu shuɗiya, lambar gida a goshinta.
Ga ta'aziyyar mahaifiyata Eduviges,
sunanta da na ubanta, na rubuta su cikin kuka,
ashe amsar tambayar banki nake rabawa.
Ga Canelo, karen da Baltasar ya mutu ya bar mini,
da sunansa nake kulle komai,
sai in liƙa masa shekarar aurenmu a wutsiya,
ita ma tana nan, ƙarƙashin hoton coci.

Allah shaida, ban taɓa ba kowa duka ba.
Kaɗan-kaɗan na zubar, shekara tara,
wani yana biye yana tsincewa
kamar mai kala bayan an tashi daga gona,
har ya tara abin da ya isa a ɗinka mace.

Abokaina ɗari takwas, in ji shafin,
ni da kujerun gidana ba su kai goma ba.
Cikinsu har da wani matuƙin jirgin ruwa mai furfura,
kullum sai ya yaba kifina,
bai taɓa sayen ko da kai ɗaya ba.
Shekara arba'in ina bakin teku,
na san kifi na ganin mai jar koma,
ni kuwa da na gan shi, sannu da zuwa na ce masa.

A daren nan ba mu yi barci ba.
Muka sauke katin, muka sauke ƙofar.
Da muka zo kan mahaifiyata hannuna ya ƙi,
sai Maite ta danna a madadina.
Muka zaɓi kalmar sirri da ba ta da dangi a gidanmu,
muka ƙara kulle na biyu, lambar da ke zuwa ta waya.
Ɗari takwas suka koma arba'in da uku,
waɗanda in sun yi tari a duhu zan kira sunansu.

Wata bakwai ina sintiri tsakanin banki da 'yan sanda,
ina rantsuwa gaban yara sa'annin jikata
cewa ni ce ni.

Yanzu teku kawai nake sawa a shafin,
shi ba shi da ranar haihuwa.
Canelo ya karɓi sunansa, ba ya gadin komai sai tsakar gida.

Amma wani lokaci, a taki na saba'in,
in na tsaya ina haki da kwando a ka,
nakan tuna da waccan ta Antofagasta.
Ta ɗauki sunan, ta ɗauki shekarun,
ciwon gwiwar ne ta bar mini.