Abin da Ya Rage a Sito

Kafin ladanin Ƙofar Marusa ya gyara murya
wayata ta riga ni farkawa.
Tanimu direba ne, daga Gidan Mutum Ɗaya:
taya biyu sun fashe,
buhu ɗari shida na waken suya na kwance a gefen titi.
Na ce, kai lafiya?
Ya ce lafiya.
Sannan na tambayi buhunan.
Shekara tara na yi kafin na iya jera tambayoyin nan daidai.

Aikina irin na gishiri ne a miya.
Muddin injin matsar mai na ruri
ba mai tuna akwai wata Uwani a ofishin ƙarshe,
kusa da tankin ruwa.
Ranar da ya yi shiru
har mai shara ya san launin ƙofata.

Kwana goma sha ɗaya ya rage a sito.
Da wannan lissafin nake karin kumallo,
da shi nake sallama,
yana zaune a bayan idona ko a gidan biki.

Takardun farashi uku a kan tebur.
Ta farko mai arha ce,
amma na san ƙasan buhun Alhaji Bawale,
na taɓa tankaɗe kwano huɗu na yashi a cikinsa.
Ta biyu tsada, ga cika alkawari.
Ta uku ba ta zo ita kaɗai ba,
ta zo da turmin leshi a baƙar leda,
an ajiye wurin mai gadi, wai tsarabar Umara.
Na taɓa shi, ba zan ɓoye ba.
Ruwan goro ne, irin wanda nake so.
Na ce a mayar.

Ƙanin babana ya ce,
ke ce a bakin rijiya, mu muna kwana da ƙishirwa.
Na ce, Baffa, guga ce a hannuna,
rijiyar da mai ita.
Wata biyu bai amsa gaisuwata ba.

Kakana madugu ne.
Jaki sittin yake korawa zuwa Agadas,
lissafinsa tsakuwa ce a aljihun taguwa.
Ni nawa ayarin a cikin kwamfuta yake,
layi bisa layi,
dala ta hau, dizal ya hau,
an rufe Jibiya, an buɗe, an kuma rufewa.
Amma maganarsa ba ta tsufa ba:
rantsuwar mai kaya ba mudu ba ce.

Ƙarfe tara na dare motar ta shigo,
fitila ɗaya, tana ɗingishi.
Na soka ƙarfe a buhu na sha bakwai, ba na sama ba,
na jefa ƙwaya uku a baki.
Ƙaras.
Ya bushe.
Na sa hannu, na ce a ba Tanimu shayi da ƙwai.

Kwana ashirin da shida yanzu.
Na kashe fitilar ofis,
na bi ta Ƙofar Ƙaura, masu tsire na kwashe wuta.

A gida Ladidi ta tare ni a zaure,
da littafin makaranta a hammata.
Ta ce, Mama, tun jiya man girki ya ƙare,
kin ce za ki taho da shi.