Lalon Bayan Danga

Kwana arba'in aka ce in yi a Kano,
jegon Tasalla.
Na yi wata uku da 'yan kai.
Ba jaririn ne ya riƙe ni ba, in faɗi gaskiya,
tukwanen mutane ne.

A Ayagi, Iya Risikatu ta tuƙa amala baƙi ƙirin,
ta kaɗa koriyar miya da guntun tsintsiya.
Na ce a raina, tuwon nan ya ƙone.
Loma ta farko na kai don kara,
ta biyu don kaina.

Ran Asabar surukina ya kai ni Sabon Gari.
Wata Obiageli ta zubo agushi,
ganda da busasshen kifi na iyo cikin manja.
Barkono ya sa ni hawaye,
ta miƙo ruwa tana dariya.

A Zangon Barebari na ci burabusko,
zanina ya kwana biyu yana ƙamshin turaren wuta.
Shayin Buzun bakin layi kuwa
ya bar ni ina ƙirga jiragen sama har asuba.

Yau ga ni a Harbo,
kaji sun manta ni.
Da hantsi na zaga bayan danga,
lalo ya fito, akuya na ta kiwo.
Na tsinko, na murza, na shinshina.

Wallahi shi ne!
Miyar da na yi ta santi ina tambayar sunanta,
ashe a bayan ɗakina take kwana.

Malam ya leƙo: yau me za a ci?
Na ce, miƙo min sabuwar tsintsiya tukuna.