Kuskuren Eulogio

A baro Yuranis ta turo shi
daga Rebolo har bakin shagona a Barranquilla,
an lulluɓe shi da tsohon zanen gado.
Ta ce, "Don Nemesio, amfilifayar kakana ce.
Duba min, kuɗi ne ko tarkace?"

Na ɗaga murfi.
Tsatsa, gawar kyankyasai uku, warin gishirin teku.
Ba suna, ba lamba, ba tambarin kamfani.
Gindinsa tiren gasa burodi ne,
da ƙusa aka huda shi, ramukan ko layi ba su yi ba.
Kwalaben wuta takwas,
shida uwa ɗaya uba ɗaya, biyu agola,
daga rediyon jirgin ruwa aka zaro su.
Taransifomar naɗin hannu ce,
takardar buhun siminti tsakanin tagulla da tagulla.

Sai idona ya faɗa kan dalma.
Kowane ɗigo ya karkata hagu.
Bahago ɗaya na sani a garin nan mai wannan hannu,
Eulogio Cantillo,
wanda ya binne lasifikokina da ransu
a wani daren rawa, ina da shekara ashirin da biyu,
jama'a suka juya min ƙeya suka koma gefensa.
Ban faɗa mata ba.

Na sa ƙwan fitila tsakaninsa da soket,
in zai mutu, kada ya tafi da shagona.
Ƙwan ya haska, ya lafa.
Kwalaben suka yi ja a hankali kamar garwashin asuba.
Sai gurnanin nan ya taso,
wanda ƙirji ke ji kafin kunne,
sukurori suka hau rawa a kan tebur.

Na bi wayoyi da mita ɗaya bayan ɗaya.
Shekara arba'in da tara ina neman asirin mutumin nan,
ashe waya ce guda ya ɗaura a baibai.
Ɗan koyo ma zai gyara ta kafin shayi ya huce.
Na ɗauki filaya.
Na ajiye.

Na ce, "Kafasito huɗu sun kumbura, sai an sake su,
kada ki taɓa cikinsa, yana cizo ko a kashe.
Ɗan gwangwan zai auna tagulla ya ba ki kuɗin kifin kwana biyu."

Ta ce, "Kai fa, nawa za ka saya?"

Na rage sautin don in ji abin da zan ce.