Ƙwarya Ta Huɗu

Mu huɗu ne masu ƙwarya a gidan Ladingo,
bayan layin dogo, can ƙasan Kakuri,
inda masaƙa ta yi shiru shekara da shekaru
har jemagu suka gaje ɗakin injinanta.
Korau ne babbanmu, zobban azurfa cike da hannunsa,
sai Mantau, sai Cindo mai yatsa shida,
ni ne auta, ni ake aike sayen gawayi.
Bawale mai garaya ba ya cikin lissafi.
Shi da bakinsa ya ce: tsarkiya kira kawai take,
ƙwarya ce ke share hanya.

Karatun farko da Korau ya ba ni:
hannu takwas, kunne ɗaya.
In ɗayanku ya yi gaba da ko ƙwayar gero,
mai zuwa zai ja ya tsaya a bakin zaure
ya juya, kamar baƙon da ya ji ana faɗa a cikin gida.

Daren Alhamis wani ya zo a mota mai duhun gilashi.
Ya sauke baƙin bunsuru, da turaren wuta,
da ƙullin ƙasa a cikin leda,
ƙasar da aka ɗebo daga sawun mutum.
Ba lafiya ya zo nema ba.
Fili ne a Rigasa, in ji shi,
wani tsoho ya ƙi sa hannu a takarda.
To, hannun nan ya shanye.

Ladingo ta ɗaura baƙin zane, ta nemi suna,
don aiki ba ya tafiya babu suna.
Ya faɗa.
Jatau, mai gyaran risho a Panteka.

Shekarar da gari ya kama da wuta
wani ya cusa ni bayan tsoffin gangunan mai,
ya rufa mini buhu, kwana uku,
yana miƙo mini rogo ta ƙarƙashin kwano.
Fuskarsa ban riƙe sosai ba.
Hannun na riƙe: na dama, mai tabon dalma.

Bawale ya ja tsarkiya.
Muka faɗa wa ƙore kamar ruwan Agusta a kan rufi.
Hayaƙi ya kwanta, fitila ta rage ido,
kafaɗun Ladingo suka fara rawa su kaɗai,
'yan amshi na kirari, gumi na bin gwiwar hannuna,
na ji iskar nan mai sanyi da ke riga zuwa
ta taɓa mini ƙeya.

Sai na yi jinkiri.
Ba da yawa ba. Ƙwayar gero.
Bugu ɗaya a baya, na sake, na kuma sakewa,
kamar gurgun da ya shiga sahun masu gudu.
Mantau ya bi ni bai sani ba.
Cindo ya yi ƙoƙarin ɗinke ɓarakar, ta ƙara yagewa.

Har carar farko muna bugu.
Ladingo ta yi hamma, ta buɗe ido, ita ce dai,
ta ce a ba ta ruwa.
Mai mota ya ja bunsurunsa yana zagin kakanninmu.

Korau bai mare ni ba.
Ya kife ƙwaryata da ƙafa, ya ce, gobe kada ka zo,
sannan ya zare zobe ɗaya ya jefa mini a cinya.
Har yau ban san ko sallama ce ko lada ba.

Ban ce ni na tare komai ba.
Wataƙila daren ne bai karɓa ba,
wataƙila dama babu mai zuwa.
Da hantsi dai na bi ta Panteka.
Ga tsohon a tsugune, guduma a hannun dama,
yana daidaita bakin wani murhu.
Bai gane ni ba.
Na tsaya daga nesa ina ƙirga bugunsa,
ko ɗaya bai kuskure ba.